Kurakuran da sabbin 'yan zamiya ke yi a Bonneval-sur-Arc

Duk lokacin sanyi sai 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Faransa sun nufi tsaunukan Alps don koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma kurakuran bara su ne na bana. Bonneval-sur-Arc, ƙauyen da ke ƙarshen kwarin Maurienne a yankin Savoie, yana jan mutane ne saboda ba cunkoso. To a nan matsalar take farawa.

Mutane suna ɗauka wurin da ba hayaniya wuri ne mai sauƙi. Ba haka ba ne. Ƙauyen yana kan tsayin mita 1,800, injinan hawa kuma suna kai mutum kusan mita 3,000, inda babu bishiya ko ɗaya. Idan hazo ya sauka a can, sama da ƙasa duk fari ne, ba ka gane gangara daga tudu. Hanyoyin zamiya a Faransa launi huɗu ne: kore na ɗan koyo, sai shuɗi, ja, da baƙi na gwanaye. Wanda ya yi kwana biyu a kore ba shi da abin yi a ja, komai kyan hoton da zai ɗauka a can sama. Kuma don Allah ku daina bin sawun wasu zuwa bayan sandunan da ke gefen hanya. Masu wannan sawun suna ɗauke da na'urar neman wanda ƙanƙara ta binne, da shebur, galibi da jagora. Kai me ka riƙe? Ana auna haɗarin zaftarewar ƙanƙara daga 1 zuwa 5, kuma ni ko 2 aka rubuta ba na barin ɗan koyo ya tsallake sanda. A wurin da mutane ba su da yawa, sai ka daɗe a kwance kafin wani ya gan ka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inshora. A Faransa ceto a kan hanyar zamiya ba kyauta ba ne. Wani ƙanena da na kai ya ce wa mai sayar da tikiti ba ya son ƙarin inshorar Carré Neige da ake haɗawa da tikiti, wai ɓarnar kuɗi ce, alhali 'yan Yuro kaɗan ne a rana. Da yamma gwiwarsa ta murɗe. Ma'aikatan ceto suka sauko da shi a kwance cikin abin ja, motar asibiti ta ɗauke shi, bayan nan takardar biya ta zo da ɗaruruwan Yuro, ni kuma na biya. Katin lafiyarsa na ɗalibi bai ɗauki kuɗin saukowa daga dutse ba. Tun daga ranar, duk wanda zai bi ni sai na ga inshorarsa da idona kafin ya sa takalmi. Wanda ya ce katin bankinsa ya ɗauke masa wannan, ya nuna mini a rubuce.

Tikitin hawa ma ana asara a kansa. Ɗan koyo ba ya buƙatar na kwana shida tun ranar farko, domin a ƙasa zai wuni tare da malami. Ni na yini ɗaya nake saya, in cinya ta jure sai a ƙara. Ka sa katin a aljihun hagu shi kaɗai, nesa da waya, ƙofar injin hawa za ta karanta shi ba sai ka fito da shi ba.

Kada taswira ta ruɗe ka da cewa Val d'Isère, wani wurin zamiya a ɗaya gefen tsauni, na kusa. Mashigar Iseran, hanyar tsaunin da ke haɗa su, a rufe take duk lokacin sanyi. Ta garin Modane ake zuwa Bonneval, nan ne jirgin ƙasa ke tsayawa. Mai mota ya tanadi tayoyin sanyi ko sarƙa, doka ce daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Safa ɗaya ake sawa a takalmin zamiya, biyu na kawo kanta. Wandon jins yana jiƙewa ya daskare a jiki. Baƙar fata ba ta hana hasken ƙanƙara ƙona ido, a sa tabarau. Hular kwano kuwa ba na ma tsayawa gardama a kanta. Kafin a hau, a ajiye lambar ma'aikatan ceto da ke jikin taswirar wurin a waya, tare da 112, lambar kiran gaggawa.