Haɗa Ƙaramin Babur Mai Taya Huɗu na Yara da Kula da Shi

Yawancin masu inji 110cc daga Sin suke zuwa cikin keji na ƙarfe, tayoyi da sitiyari da batir a ware. Kafin ka ɗaura komai, bi duk notin da aka ɗaure a masana'anta da sifana. Da yawa ba su kama sosai ba, girgiza kuma na kwance su, shi ya sa ake ɗiga musu Loctite mai ruwan shuɗi, wato ruwan manne da ke hana noti kwancewa. Babban notin da ke riƙe cibiyar taya yana da tsaga-tsaga: zura masa fin mai ƙafa biyu, ka lanƙwasa ƙafafun fin ɗin. In aka manta fin ɗin nan, taya na iya ficewa ana cikin tafiya.

Batir 12V ne. Jar waya ake fara ɗaurawa, sannan baƙa.

Man da injin ya zo da shi ba abin dogaro ba ne. Yi juye tun kafin tashin farko, ka zuba baƙin man babur 10W-40 ko 20W-50, kimanin lita 0.8, kana duba sandar awo. Baƙin man mota na iya sa kuloci ya riƙa sulɓewa.

Wajen iskar taya aka fi yin kuskure. Tayoyin nan iska kaɗan suke so, galibi psi 3 zuwa 5 a ma'aunin iskar taya, amma mai faci zai dura musu ta mota in ba ka tsaya a kansa ba. Tayar da ta cika tam tsalle take yi. In kuwa iskar hagu da ta dama suka bambanta, babur zai riƙa ja gefe guda. Sarƙa ta yi wasan santimita 1 zuwa 2, yaron na zaune a kai. Soson matatar iska a wanke, a shanya, a shafa masa mai kaɗan. A wuri mai ƙura duk mako, don yashin da ya wuce shi fistin yake ci.

A jikin totur akwai sukurun rage gudu. Murɗa shi ciki har babba ya iya bin babur ɗin da sassarfa. Gwada birki da igiyar kashe inji kafin kowane hawa.

Hular kwano dole ce, goyo kuma babu. Kada a hau kwalta: tayoyin baya sandar ƙarfe ɗaya ce ke juya su tare, don haka a kwana sai sun ɗan ja ƙasa. Turɓaya na barin su su zame, kwalta kuwa riƙe su take yi, sai babur ya kife.