Yadda Ake Zaɓen Setin Gaskit Da Ɗaura Shi A Injin Eskabeta

A cikin kayan da ake saya idan an sauke injin eskabeta, setin gaskit, wato siraran shimfiɗu da robobin da ake sawa tsakanin sassan inji don hana yoyo, yana cikin masu araha, amma shi ne yake yawan mayar da inji gareji tun mai mota bai gama biyan kuɗin aiki ba. Da an ga ruwa ya haɗu da baƙin mai sai a ce gaskit ɗin jabu ne. Wani lokacin haka ne. Sau da yawa kuwa gaskit ɗin lafiyarsa ƙalau, ko dai ba na wannan injin ba ne, ko an shimfiɗa shi a kan ƙarfen da ya karkace, ko an ɗaure shi da ƙarfin damtse babu awo. Ga yadda aikin yake tafiya tun daga kasuwa har zuwa tayar da inji.

Mataki na farko: nemo lambar inji, ka bar sunan mota

Kada ka je wa mai shago da cewa a ba ka gaskit ɗin PC200 ko na 320. Sunan da ke jikin mota ba ya faɗin injin da ke cikinta. Komatsu PC200 ta zo da 6D95, ta zo da 6D102, sannan PC200-8 ta zo da 6D107, kuma faɗin silindar kowane yana cikin sunansa: milimita 95, 102 da 107. Caterpillar 320B da 320C suna ɗauke da 3066, 320D kuma da C6.4. Hitachi EX200 an yi ta da Isuzu 6BD1 an kuma yi ta da 6BG1, waɗanda suka yi kama da juna ƙwarai a ido, alhali na farko milimita 102 ne, na biyu 105. Ka ɗora gaskit ɗin 6BD1 a kan 6BG1, zoben wutar, wato zoben ƙarfen gaskit da ya zagaye bakin silinda, ya leƙo cikin silinda, wuta ta cinye shi.

Ga wani abu kuma. Galibin eskabetocin da ke aiki a ramukan jar ƙasa da wuraren haƙar ma'adinai a ƙasar nan tsofaffi ne da aka shigo da su, kuma da yawa an riga an canza musu inji. Saboda haka ka goge jikin bulok ɗin ka karanta abin da aka buga a kai. Idan Cummins ne, kamar 6BT5.9 da ke cikin Hyundai R210, ka kwafo lambar inji da lambar CPL, wadda ke nuna jerin kayan da aka haɗa injin da su, daga farantin da ke gefen gidan giya na gaba. Idan Caterpillar ne, ka kwafo lambar inji da lambar tsarin haɗinsa duka biyu. Ka ɗauki hoto da waya, kuma kada ka jefar da tsohon gaskit ko da ya ƙone, don da shi za ka gwada sabo.

Mataki na biyu: san wane seti kake bukata

Setin sama ya ƙunshi gaskit ɗin tof silinda, wato kan injin da ke rufe silindoji, na murfin bawul, na manifol ɗin iska da na hayaƙi, robobin bawul, da wasa-wasan tagulla na nozul, wato ƙananan zobban da nozul ke zama a kai. Setin ƙasa ya ƙunshi na kaskon baƙin mai, na gidan giya, na kular mai, da oyil sil na gaba da na bayan karanshaf. A wurin Komatsu lambar setin sama tana ɗauke da K1, ta ƙasa K2. Wanda ya sauke inji gaba ɗaya cikakken seti zai saya. Amma ka buɗe kwali a gaban mai shago ka ƙirga, domin akwai setin da ake kira cikakke alhali babu robobin silibi a ciki, wato hannun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, ko babu gaskit ɗin tarbo.

Mataki na uku: auna kafin ka biya kuɗi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Gaskit bai fi kaurin milimita ɗaya da wani abu zuwa biyu ba, aikinsa kuma ya tare wuta da ruwa da mai a lokaci guda. Ba a yi shi don cike rami ba.

Ka wanke fuskar bulok da ta tof silinda tas. Ka kankare da abin kankara mai faɗi, ba da injin gurza ba, domin gurza tana cin gefen ramukan ruwa ta bar kwari da ido ba ya gani. Sannan ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye, a kwance, da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, kana zura fila geji, wato siraran ƙarafan auna rata, a ƙarƙashi. A injinan Isuzu irin 6BG1 iyakar karkata ita ce milimita 0.2, kowane inji kuma da tasa iyakar a littafinsa. Idan ta wuce, sai an kai wa masu injin gogewa. Tun da za a kai tof ɗin, a sa su gwada shi da matsin ruwa, don tsagewar da ke tsakanin mazaunin bawul biyu tana ba da alamomi iri ɗaya da ƙonewar gaskit, sai ka canza gaskit sau biyu ciwo yana nan.

Bayan haka sai ka duba wane irin silinda injin yake da shi. Injin da silibinsa yake zaune cikin ruwa, kamar Caterpillar 3306 na cikin 330 ko Komatsu 6D125, bakin silibi dole ya ɗan ɗago sama da fuskar da gaskit zai kwanta, domin wannan ɗagowar ce take murƙushe zoben wuta ya kama. A 3306 ana neman tsakanin milimita 0.033 da 0.175, kuma ana auna shi da agogon awo bayan an danne silibin tare da farantin da ke tsakanin bulok da tof silinda, a wurare huɗu a kowane silibi. Silibi ɗaya ya nutse ƙasa da 'yan'uwansa, to a nan gaskit zai ƙone ko da daga kamfani ka ɗauko shi da hannunka. Maganinsa a gyara mazaunin silibin a sa masa siririn ƙarfen ciko, kuma aikin masu inji ne, ba na guduma ba. Kada ka manta 3306 yana da nasa siririn gaskit a ƙarƙashin wancan farantin, shi ma sabo ake sawa.

Injin da babu silibi a cikinsa, kamar 6BT5.9 da ɗan'uwansa 6D102, abin dubawa shi ne ko an taɓa goge fuskar bulok. Idan an goge, fistin zai ƙara leƙowa sama, don haka Cummins ya yi gaskit mai ƙarin kauri na milimita 0.25 da na 0.50. Ƙananan injina irin Isuzu 4JB1 da na Kubota kuma gaskit ɗinsu kauri-kauri ne tun asali, ana gane su da yawan tsaga a gefe, kuma leƙowar fistin ce take nuna wanda za a ɗauka. Wasu suna sayen mafi kauri wai don a zauna lafiya. Abin da zai biyo baya shi ne inji mai wuyar tashi da safe da farin hayaƙi, tun da matsin ya ragu. Mafi siriri kuma fistin na iya taɓa bawul.

Mataki na huɗu: duba abin da aka miƙo maka

Ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ka aika Ladipo a Legas, za a nuna maka kwali mai kyau. Kwali ba shaida ba ne. Ka ɗora sabon a kan tsohon ka bi rami-rami: na ƙusoshi, na ruwa, na mai. Ka lura cewa wasu ramukan ruwa a gaskit na asali ƙanana ne da gangan, don su tilasta ruwa ya kai har silindar baya. Gaskit ɗin da aka huda wa ramuka manya duka zai bar bayan inji yana dahuwa. Ka shafa zoben wuta da yatsa, ya zama a naɗe sumul babu tsaga babu tudu. Ka duba zaren roba da aka zagaye ramin mai da shi, ya kasance a manne bai ɓare ba. Gaskit ɗin da aka lanƙwasa a hanya, ko wanda tsatsa ta kama, ka mayar.

Wanda yake da hali ya sayi na kamfanin injin, ba za a yi gardama ba. Akwai kuma kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, irin su Victor Reinz da Elring, da IPD a ɓangaren Caterpillar. A ganina, idan kuɗi ya gaza, gara a sayi gaskit ɗin tof da oyil sil biyu na karanshaf masu kyau daban, a yi maneji da sauran takardun. Gaskit ɗin murfin bawul in ya zubar, aikin rabin awa ne. Oyil sil na baya in ya zubar, sai an raba inji da famfon haidirolik.

Abu na ƙarshe a nan: sabbin injina irin 4HK1 da 6D107 gaskit ɗinsu ƙarfe ne falle-falle, kuma yana son fuska mai santsi sosai. Gogewar da tsohon gaskit mai laushi zai haƙura da ita, wannan ba zai haƙura ba. Ka gaya wa mai gogewa irin gaskit ɗin da za ka sa.

Mataki na biyar: ƙusoshi da ramukansu

Ka bi kowane ramin ƙusa ka share zarensa, ka busa da iska har ya bushe. Mai ko ruwa da ya kwanta a gindin rami yana hana ƙusa sauka, sifanar awon ƙarfin ɗauri ta yi ƙara alhali tof bai danne ba, wani lokaci ma bulok ya tsage. Ƙusoshin da ake ɗaure su da juyin digiri miƙewa suke yi duk lokacin da aka ɗaure. Ka auna tsawonsu, wanda ya wuce iyaka ko tsatsa ta ci wuyansa ka canza. A 6BT tsawon ƙusoshin iri uku ne, kada yaro ya cakuɗa maka su.

Mataki na shida: ɗaurawa

Gaskit ɗin tof a bushe ake sa shi. Babu gam, babu giris, babu fenti. Na san akwai garejin da in ba a shafa gam ba ba a jin an yi aiki, to gam ɗin yana hana gaskit kama ƙarfe, kuma zafi na farko zai narkar da shi. Ka tabbata sandunan saiti biyu suna nan a bulok, ka nemi rubutun da ke nuna sama ko gaba, ka tabbata ramin da mai yake hawa zuwa roka, wato ƙarafan da ke danna bawul, a buɗe yake. Akwai gaskit ɗin da zai zauna daram a juye amma ya toshe wannan ramin. Tof ɗin inji mai silinda shida nauyi gare shi, ku sauke shi da ƙugiya a miƙe. Ja a kan gaskit yana kwarzane shi.

Ka shafa wa zaren ƙusa da ƙarƙashin kanta abin da littafi ya ce, baƙin mai a Cummins, giris ɗin moli a Isuzu da dama, kaɗan ba tsamo-tsamo ba. Ɗauri daga tsakiya yake farawa yana zagayawa zuwa waje, kuma hawa-hawa. A 6BT5.9 mai ƙusa 26 ana kai duka zuwa 90 Nm a ma'aunin sifanar awo, a sake bi, sannan dogayen kaɗai zuwa 120 Nm, a ƙarshe a ƙara wa kowace juyin digiri 90. Ka ɗiga fenti a kan kowace ƙusa kafin juyin ƙarshe, don in an kira ka a waya ka dawo ka san inda ka tsaya. Wannan lissafin na wannan injin ne kaɗai, kada ka kai shi kan 3066 ko 6BG1. Bayan ɗauri sai saitin bawul: 6BT milimita 0.25 na iska da 0.51 na hayaƙi, 6BG1 kuma 0.40 duka biyu, inji a sanyaye.

Sauran kayan setin ba su da wahala in ban da uku. Robobin silibi ana shafa musu sabulun ruwa su shiga ba tare da murɗewa ba, kuma a Caterpillar bel ɗin da ke wuyan silibi ana tsoma shi a mai a zura nan take, don kumbura yake yi. Oyil sil na karanshaf a 6BT da 6D102 leɓensa na Teflon ne, a bushe ake sa shi a kan ƙarfe busasshe, da robar jagora da ta zo a cikinsa. Ka shafa masa mai, zai zubar. Gam kuma wurinsa kusurwoyin da gidan giya da bulok da kasko suka haɗu, ɗigo kaɗan. Wanda ya yi yawa yana matsowa ciki ya gutsure, ya toshe rariyar famfon mai ko bututun da ke fesa wa fistin mai daga ƙasa. Wasan tagulla na nozul sabo ake sawa, ɗaya tak, bayan ka leƙa ka tabbata tsohon bai maƙale a rami ba.

Mataki na bakwai: kafin a koma aiki

Ka tambayi abin da ya ƙona gaskit na farko. Kusan kullum zafi ne. Ka duba lagireto da kular haidirolik da ke gabansa, waɗanda ƙurar hunturu da ta rami take liƙewa a tsakaninsu, ka duba bel ɗin fanka da murfin lagireto. Idan an cire tamostat, kamar yadda ake yawan yi a nan da sunan maganin zafi, ka mayar da shi, domin a injina da yawa shi ne yake rufe hanyar da ruwa ke kewayawa ba tare da ya shiga lagireto ba. Ka zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Ruwan rafi ko na rijiya yana tara kanwa a ciki, kuma yana barin silibi ya huje.

Idan kana da famfon gwaji, ka matsa lagireto tun kafin ka tayar, ka ga ko allura za ta sauka. Ka juya inji ba tare da ba shi gas ba har matsin mai ya hau, sannan ka tayar ka bar shi a silo ya ɗumama. Ka leƙa bakin lagireto: kumfar da ke fitowa ba ƙaƙƙautawa alama ce wuta tana shiga ruwa. Ka zaro sandar awon mai, in ya koma kalar shayi da madara ka kashe nan take. Maganar sake ɗaure ƙusoshi bayan inji ya yi zafi, littafin injin ne zai faɗa, kuma waɗanda aka ɗaure da juyin digiri galibi ba a sake taɓa su. Ka gaya wa direba ya fara da aiki mara nauyi a ranar farko, ya kuma duba ruwa da mai kowace safiya har mako ya zagayo.