Kurakuran da aka fi yi wajen ziyarar ƙauyukan Hope Valley daga Manchester ko Sheffield

Tsakanin Manchester da Sheffield akwai wani kwari mai suna Hope Valley, a cikin gandun Peak District, wanda shi ne na farko da Birtaniya ta keɓe a matsayin gandun ƙasa a 1951. Jirgin ƙasa na ratsa kwarin yana tsayawa a ƙananan tashoshi irin su Edale da Hope da Bamford da Hathersage. Daga tashar Piccadilly ta Manchester zuwa Edale kimanin minti 45 ne, daga Sheffield kuwa kusan rabin awa. Wannan kusancin shi ke yaudarar ɗalibanmu da masu zuwa ziyara. Mutum ya ga tafiyar ba ta kai awa guda ba, sai ya fito kamar mai zuwa cefane, alhali tashar da zai sauka babu ma'aikaci, babu tasi a bakinta.

Babban kuskure shi ne a shirya zuwa a manta da dawowa. Jirage da yawa na bi ta wannan layi, amma masu gudun ba sa tsayawa a ƙauyuka. Na kamfanin Northern ne ke tsayawa, galibi sau ɗaya a awa, don haka wanda ya makara da minti biyu zai yi zaman awa guda cikin sanyi. Kafin ka bar gida ka rubuta lokacin jirage uku na yamma a takarda, ka sa ranka a kan na farko, sauran biyun na ko-ta-kwana ne. Ranar Lahadi ka sake dubawa da safe, domin a ranar aka fi yin gyaran layin dogo, wani lokaci a maye gurbin jirgin da bas mai ɗaukar lokaci. Ka sayi tikitin zuwa da dawowa tun daga birni. A Ingila tarar shiga jirgi babu tikiti fam 100 ce tun 2023, ban da kuɗin tafiyar. Ɗalibi kuma ya nemi katin rangwamen 16-25 Railcard, yana rage kashi ɗaya cikin uku.

Masu nufin Castleton suna da nasu tarkon: ƙauyen ba shi da tashar jirgi. Mafi kusa ita ce ta Hope, kuma tsakaninsu ya kai kilomita 3. Daga Sheffield bas mai lamba 272 na kai mutum har cikin Castleton, ya fi sauƙi. Kada ka dogara da Uber. Direbobinsa suna birni, da wuya ka ga mota ko ɗaya a taswirar wayarka a can.

Sai maganar rana. A ƙasar Hausa magariba ba ta yin nisa da ƙarfe shida zuwa bakwai duk shekara, jikinmu ya saba da haka. A nan, a watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, a Yuni kuwa sai wajen tara da rabi na dare. Wanda ya bar Manchester da azahar a lokacin sanyi, yana isa kan tudu duhu na rufe shi, kuma hanyoyin daji ba su da fitila ko guda. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka kama jirgin safe, ka tabbatar ka sauko daga tudu awa guda kafin faɗuwar rana, ka kuma sa tocila a jaka, ba ta waya ba.

Tufafi ne inda aka fi shan wuya. Ana fitowa da farin kambas da wandon jins da babbar jaket guda ɗaya, saboda hoto. Kambas ba ya riƙe laka, tafinsa sumul ne, a kan jiƙaƙƙen dutse zamewa yake yi. Jins da duk wani yadin auduga idan ya sha ruwa ba ya bushewa, sai ya manne a jiki yana zuƙe ɗumi, iskar kan tudu kuma ta ƙarasa aikin. Abin da ke aiki shi ne takalmin da ya rufe idon sawu mai kaushin tafi, safa mai kauri, da sutura hawa uku: riga mara nauyi a ciki wadda ba auduga ba, suwaita a tsakiya, rigar ruwa mai hula a waje. Amfanin hawa-hawan shi ne kana hawa tudu za ka yi gumi ka cire ɗaya, kana tsayawa ka mayar. Mata masu doguwar riga ko abaya su sa wando mai ɗumi a ciki, su zaɓi wadda ba ta jan ƙasa, domin za a yi ta tsallake matakalar katanga, mayafi kuma a ɗaure shi da kyau saboda iska. Lema ba ta da amfani a kan tudu, iska ke juye ta. Hasashen yanayin da za ka duba ba na Manchester ba ne. Hukumar Met Office na fitar da hasashe na musamman na tsaunuka, akwai sashen Peak District a ciki.

Wani abin da ke jefa mutane cikin hatsari shi ne zaɓen tudun da ya fi ƙarfinsu. Kinder Scout, mai tsayin mita 636, shi ne mafi tsawo a gandun, kuma daga Edale ake hawansa, shi ya sa kowa ke son cewa ya je. Amma samansa shimfiɗaɗɗen fili ne na baƙar ƙasa mai taɓo, cike da kwazazzabai masu kama da juna. Idan hazo ya sauko, wanda bai iya taswira da kamfas ba ba zai san gabas da yamma ba. Sabon zuwa ya fara da Mam Tor, mita 517. An shimfiɗa duwatsu a hanyar da ke bin ƙoƙuwarsa, kana tafe kana hangen kwarin Edale a hannu ɗaya, Castleton a ɗayan. Daga Edale ka hau zuwa mahaɗar Hollins Cross da ke kan wannan hanyar, ka gangara Castleton, awa biyu sun isa ga mai tafiya a hankali. Taswirar da ta dace ita ce ta hukumar zana taswira ta Ordnance Survey mai lamba OL1. Google Maps ba ya nuna yawancin waɗannan hanyoyin ƙafa yadda ya kamata, kuma sabis na ɗaukewa a cikin kwari.

Wannan koren filin da kake gani ba daji ba ne da babu mai shi. Gonakin mutane ne da makiyayarsu. Abin da doka ta ba ka shi ne ikon ratsawa ta takamaiman hanya, kamar dai burtali tsakanin gonaki. Kibiya ruwan ɗorawa a jikin turke na nufin hanyar masu ƙafa, shuɗiya kuma hanyar da masu doki da keke ma ke bi. A saman tsaunuka akwai filayen da dokar shekarar 2000 ta buɗe wa kowa, an yi musu launi daban a taswira. Wannan 'yanci ba a sama aka tsince shi ba: a Afrilun 1932 ɗaruruwan mutane, akasari ma'aikata daga Manchester, suka hau Kinder Scout ba da izini ba, har aka ɗaure wasunsu. Saboda haka ka bi hanya ko da ta yi laka, kada ka yanke ta tsakiyar ciyawar da manomi ke tanadi don yin harawa. Ƙyauren da ka tarar a rufe ka rufe shi, wanda ka tarar a buɗe ka bar shi, wataƙila manomin ne ya buɗe don dabbobi su kai ga ruwa. Katangun duwatsun nan an jera su ne babu siminti, hawa kansu na rushe su. Ka nemi matakala ko ƙofa.

Dabbobin ma ba irin na gida ba ne da makiyayi ke biye da su da sanda. Su kaɗai ake bari a fili. A watannin Maris da Afrilu tumaki ke haihuwa, kuma ɗan tunkiyar da ka gani shi kaɗai a kwance ba maraya ba ne, uwarsa na kusa. Kada ka ɗauke shi don hoto. Shanu masu maruƙa su ne abin tsoro na gaske, sun sha tattake mutane a Ingila. Kada ka shiga tsakanin saniya da ɗanta, ka zagaya nesa, ba gudu, ba ihu. Bayan ka dawo gida ka duba ƙafafu da bayan gwiwa ko kaska ta kama ka, don wasu na ɗauke da cutar Lyme.

Abinci da salla kuwa tun daga gida ake shirya su. Ƙauyukan nan ba su da masallaci, naman halal kuma ba abin da za ka sa rai da shi ba ne. Abincin zafi galibi a mashayar ƙauye ake sayarwa, ko a ɗan shagon shayi da ke rufewa tun da la'asar. Wanda ya ce zai tsira da kifi da dankali ya tambaya tukuna, domin wasu na kwaɓa fulawar kifin da giya, wasu na suya da kitsen dabba. Mafi kwanciyar hankali ka yi guzuri: burodi da ƙwai ko kaza, dabino, gyaɗa, shayi a fulas, da ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi. Ruwan rafi komai haskensa kada ka sha, tumaki na sama da kai.

A lokacin sanyi azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa tsakanin sha biyu da ƙarfe huɗu, wato dukansu kana waje. Ka fito da alwalarka, ka riƙe ƙaramar gora ta daban da sallaya mai leda a ƙasa saboda damshi. Alƙibla daga wannan yanki kudu maso gabas take, wajen digiri 118 a kamfas. Wasu na yin kasaru da zarar sun hau jirgi, alhali daga Manchester ko Sheffield zuwa Edale bai kai mil 48 da malaman Malikiyya suka ƙayyade ba.

Idan hanya ta fito da kai kan kwalta inda babu gefen masu ƙafa, ka bi hannun dama kana fuskantar motoci masu zuwa, ku jeru ɗaya bayan ɗaya. Masu zuwa da mota kuma su sani wasu hanyoyin faɗin mota ɗaya ne, ɗan faɗin da ake gani jefi-jefi na kaucewa ne, ba na fakin ba. A ranakun hutu wuraren fakin na Mam Tor da Castleton na cika tun da hantsi, wanda ya ajiye mota a bakin hanya ko a ƙofar gona yakan dawo ya tarar da takardar tara.

A ƙauyen Hausa baƙo na iya yin sallama a kowane zaure a ba shi ruwa. A nan mutane za su gaishe ka da fara'a a kan hanya, kai ma ka amsa, amma gida gida ne. Kada ka leƙa taga ko ka shiga lambun wani don ɗaukar hoto, kiɗan sifika kuma a bar shi a birni. Shara duk a jaka ake komowa da ita, har ɓawon ayaba. Gashin nama a kan tudu kuwa a manta da shi ɗungurum: baƙar ƙasar nan ruɓaɓɓen tsiro ce, idan ta bushe wuta na ci a ƙarƙashinta kwana da kwanaki.

In wani ya karye ko kun ɓata, ka kira 999, ka nemi 'yan sanda, sannan ka ce kana buƙatar masu ceto a tsauni. 'Yan sa-kai ne, kuma sukan ɗauki lokaci kafin su iso, don haka ku tsaya wuri guda, ku lulluɓe mai rauni da duk suturar da ta rage, ku sa jaka a ƙarƙashinsa kada sanyin ƙasa ya shige shi. Sanyi na cinye cajin waya da sauri, ka ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, ka kuma bar wa wani a birni sunan hanyar da za ku bi da lokacin jirgin da kuke sa ran dawowa da shi.