Yadda za ka taɓa boltej na katin girafik ba tare da ka soya shi ba

Wani ƙanena da ke gyaran kwamfuta a Ikeja ya tambaye ni wai boltej nawa zai ƙara wa katinsa don wasa ya ƙara gudu, na ce masa kafin ka ƙara komai fara duba zafin ɗakinka tukuna. Mu nan Legas ɗaki ba esi, ga gumi, ga hayaƙin janareta, abin da ke riƙe kati galibi zafi ne ba ƙarancin wuta ba. Katunan Nvidia tun daga GTX 10 na 2016 suna rage gudu da kansu kaɗan kaɗan in suna ɗumi, da sun taɓa digiri 83 kuwa sai su taka birki sosai. Kuma ka ƙara boltej kashi 10, wutar da zai ci ta tashi kusan kashi 21, dukkanta zafi za ta koma.

To ga yadda nake yi. Sauke MSI Afterburner, manhajar da ake saita kati da ita, daga shafin MSI kansa, akwai na jabu masu ɗauke da bairos, sai ka haɗa da GPU-Z, manhajar da ke nuna halin da katin yake ciki. Kunna wasa mai nauyi ko manhajar gwajin kati ta Superposition kamar minti 20, ka rubuta a takarda gudun da ya tsaya a kai da zafi da boltej. A GPU-Z akwai layin PerfCap Reason, shi ne zai faɗa maka gaskiya: Thrm zafi ne, Pwr iyakar wuta ce, VRel ko VOp kuma ke nufin boltej ya riƙe shi.

In VRel ka gani kuma katin bai wuce digiri 70 ba, shiga saitin Afterburner ka danna Unlock voltage control ka ɗaga a hankali. Amma kada ka sa rai da yawa, a katunan GTX 10 Nvidia ta kulle abin a 1.093V, ko ka ja sandar har ƙarshe ba za ka wuce nan ba.

Ni wallahi rage boltej ya fi mini riba. A cikin Afterburner danna Ctrl+F, zane zai fito da ɗigo ɗigo, ƙasa mV ne wato boltej, gefe kuma MHz wato gudu. Nemo ɗigon 900mV ka ja shi sama zuwa gudun nan da ka rubuta, sannan ka riƙe Shift ka zagaye duk ɗigon da ke damansa ka janyo su ƙasa, ka danna alamar amincewa, layin zai miƙe ɗoɗar daga nan. Ma'ana ka ce wa katin gudun da kake yi a bolt ɗaya da wani abu yanzu yi shi a 0.9. Ranar da na yi wa nawa haka fankar da ke ihu kamar injin markaɗe sai ta koma shiru, gudun kuma ya daina hawa da sauka.

In wasa ya fita da kansa ko allo ya yi baƙi ko ka ga ƙyalli ƙyalli, ba ƙonewa ya yi ba, rage 15MHz ko ka koma 925mV ka sake. Kuma ka gwada da rana tsaka wajen ƙarfe biyu, abin da ya zauna lafiya da asuba yana iya faɗuwa bayan azahar. Kada ka danna alamar Windows da ke sa saitin ya tashi tare da kwamfuta sai ka yi kwana biyu kana wasa a kai lafiya.

Masu katin AMD ba sai kun wahala ba, wannan saitin yana cikin manhajarsu ta Adrenalin ƙarƙashin Tuning.

In tokumbo (na hannu) ka saya a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, da yawansu sun yi haƙar kuɗin intanet na Ethereum dare da rana kafin a daina a Satumbar 2022, kwance shi ka kakkaɓe ƙura ka canza man da ke kan cif ɗin kafin ka taɓa boltej. Batun sauya BIOS na kati, wato manhajar da ke cikin katin kansa, kuwa don Allah ka bar shi in ba ka da UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, a ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa katin yana iya daina nuna hoto har sai an kai shi wurin mai gyara.