Darasi na 6: Kafin ka sayi bulo ko daya

To yan uwa, kowa ya bude littafinsa, ya nemi shafin da ba a rubuta komai ba. A ja layi a tsakiya daga sama har kasa. Ko layin ya karkace ba komai Baba, a hankali hannu zai saba. Shafi ya zama gida biyu kenan. A saman gidan hagu, wato bangaren hannun da ba a cin abinci da shi, a rubuta: ME ZAI IYA BATA MIN GINI? A saman na dama: ME ZAN YI TUN YANZU?

Hagu ake fara cikawa, kuma anan ne kullum ake samun matsala. Sai in leka littafin mutum inga ya rubuta bulo 500, yashi tifa daya, kwano bandir biyu. A'a. Wannan lissafin sayayya ne, yana da nasa shafin. Gidan hagu na abin da kake tsoro ne.

Mu yi tare. Rubuta: ruwa. Filin da ka gani a bushe kamas a watan Maris baka san halinsa ba sai Agusta. A dama sai ka rubuta: zan tambayi makwabta inda ruwa ke bi da damina, in kwari ne a daga fandisho. Kun gani? Tsoro a hagu, maganinsa a dama.

Na biyu: rigimar fili. A dama: zan ga mai unguwa, in ga takarda da shaidu, in filin gado ne in tabbatar duk magada sun yarda, tun kafin lebura ya sara kasa.

Na uku: siminti. Kun tuna farkon 2024 da buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, gine-gine suka tsaya a linta? Amma fa kar tsoron tsada yasa ka jibge shi da yawa, akwai wani dalibinmu da ya sayi buhu goma ya ajiye a kasan zaure, danshi ya shiga, ranar da birkila yazo ya farke buhu sai ga shi ya daskare kamar dutse, wallahi har hawaye bawan Allah nan yayi. A dora kan katako, nesa da bango.

Yanzu kowa ya kara biyu da kansa. A hagu. Abin tsoro, ba abin saye ba. Madalla Hajiya, "birkila zai karbi kudi ya bace", haka ake so.

Amma wasunku haba dan Allah! Sati uku muna kan abu daya, har yanzu ina ganin "rodi" a gidan hagu. Rodi tsoro ne? Masu cewa rubuta sharri kiran sharri ne kuma, ai rakumi sai an daure shi ake tawakkali. Tun ran gini tun ran zane. A goge a sake.

Darasi na 7: Kudin ko-ta-kwana

Duk abin da birkila ya lissafa maka, ka ware wani abu a gefe, kar ka taba. Kar ka biya kudin aiki duka a tashi daya, sai an gama mataki a biya.

Darasi na 8: Dubawa

Duk Juma'a a bude shafin nan. Wanda ya wuce a ja masa layi. Sabo in ya fito a rubuta, a hagu.