Yadda za ku gyara unguwarku ta yi daɗin takawa a ƙasa

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya tashi, da yawanmu muka koma tafiyar ƙasa, to a nan ne fa mutum yake gane wahalar lungunsu.

Kar ku fara da taro a ƙofar gidan mai unguwa, surutu za a yi a watse. Ku fara da tattaki. Mutum biyar sun isa, amma lallai a samu dattijo mai sanda, da ɗan garuwa da kurarsa, da uwa mai raka yara Islamiyya. Ku taka daga masallaci zuwa kasuwa, zuwa firamare, zuwa asibitin sha-ka-tafi. Duk inda baba ya tsaya yana neman wajen sa ƙafa, ko kura ta maƙale, ku ɗauki hoto a waya. A sake yin zagayen bayan an tafka ruwan Agusta, don lungun da ka sani da rani wani abu ne daban da damina.

Yawanci abin da za ku tarar kwata ce a buɗe, sai wanda ya fito da dakali ko sokawe ya cinye rabin hanya. Maganar dakalin nan kam a bi a hankali, kar samari su je da guduma, a bar wa mai unguwa da liman su same shi a keɓe, in ba haka ba gaba ce ta shekara da shekaru.

Kwata kuwa aikin gayya ne kafin ruwa ya sauka, kuma don Allah in an yashe a kwashe sharar a ranar, mun sha yin wannan kuskuren mu tara ta a bakin kwata, ruwan farko ya zo ya mayar mana da ita. A yi karo-karo a zuba silab ko da a mararrabar da yara ke tsallakawa ne kawai.

Sai inuwa. Darbejiya tana jure fari, a dasa ta a farkon damina, nesa da katanga da wayar wuta, a kewaye da bulo ko ƙaya saboda awaki. Kowace bishiya a damƙa wa gida ɗaya da suna, ta kowa da kowa ba mai ba ta ruwa.

In unguwar sabuwa ce ku nemi taswirar awonta tun yanzu, a Kano hukumar KNUPDA ce ke kula da tsara gari. Ku san faɗin titi, da filin makaranta, da inda ruwa ke bi ya sauka a kududdufi, ku yi fotokwafi ku ba wa mai unguwa ɗaya, ɗaya kuma a ajiye wajen liman kafin wani ya kafa harsashi a wurin.