Kurakuran da ake yawan yi a wasan shiga rigar mace

Shiga rigar wani a wasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ga 'yan mata suna tashen Mairama da Daudu da azumi ya san yara sun daɗe suna kwaikwayon zaman aure. Tsarin ne ya zo daga waje: a kewaye tebur, kowa da katin da ya faɗa masa ko shi wane ne, mai jan wasa na ba da labari, ƙwayar ludo na yanke abin da zai faru. Wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, shi ya yaɗa salon. Mu a nan Jos mun ɗauko shi don tattauna nauyin da ake ɗora wa mace, kuma mun sha tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne mayar da miji ko uwar miji dodo. Idan katin Hajiya ya ce "muguwa ce, ba ta son surukarta ta yi karatu", wasa ya mutu tun ba a fara ba, don kowa ya san wadda zai tsana. A ba ta dalili. Ita ma tana aji huɗu aka cire ta aka yi mata aure, kuma bakin unguwa take tsoro idan amarya na dawowa daga jami'a bayan magariba. Ranar da muka gyara katin haka, yarinyar da ta riƙe shi ta ce min, "Wallahi Anti na kasa ƙin ta, kakata ce sak."

Sai zaɓin da ba ya cin komai. A ce mai sayar da tumatir a Farin Gada ta zaɓi faɗaɗa sana'arta, kowa ya tafa, shi ke nan? Wa zai kai yara Islamiyya? Mu ƙwayar wake goma muke ba kowace mace a wasan, a matsayin lokacinta da kuɗinta da mutuncinta a idon dangi, duk abin da ta zaɓa sai ta biya. Kafin la'asar ɗin labarin waken ya ƙare.

Namiji kuma, da ya karɓi katin mace sai ya maƙale murya ya hau rangwaɗa, ɗaki ya kwashe da dariya. A hana. Ba ɗaura ɗankwali, ba sauya murya. Ya ce "ni" da muryarsa ta kullum.

Wanda ya fi yi min ciwo laifina ne. Na saka sakin aure a labari ban tambayi kowa ba, ashe akwai wadda ba ta daɗe da gama idda ba. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta sake dawowa ba. Yanzu jan kati muke ajiyewa a tsakiyar tebur: duk wanda ya taɓa shi, a tsallake wurin, ba tambaya. Kuma ba a watsewa sai an sha shayi an yi hirar abin da kowa ya ji.

Kada kuma a buɗe zama da laccar feminizim, wato fafutukar 'yancin mata, rabin ɗaki zai ce aƙidar Turawa aka kawo. Ni da labarin Nana Asma'u da 'yan tarunta, wato matan da ta ilimantar, nake farawa, ko Gambo Sawaba da ta sha ɗauri saboda siyasar NEPU, sannan in raba kati.